Me ya sa aka fasa Tafkin Mokoan, kuma me mai zuwa kwana zai tarar a wurin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina karatu a Melbourne, ƙasar Ostireliya. Abokan karatuna sun shirya mu je mu kafa tanti mu kwana biyu a wani wuri da ake kira Winton Wetlands, kusa da garin Benalla. Wai a da babban tafki ne na noman rani, gwamnati da kanta ta fasa shi. Abin ya ɗaure mini kai: ƙasar da kullum ake kukan fari, ta yaya za a zubar da tafki guda? Kuma in mun je, akwai wurin iyo da kamun kifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokan naka ba su yi maka ƙarya ba. Sunan tafkin Mokoan, an cika shi da ruwa a 1971, gwamnatin jihar Biktoriya ta yanke shawarar daina aiki da shi a 2004, aka gama janye ruwansa aka yanke wani sashe na ganuwarsa tsakanin 2009 da 2010. Dalilin a taƙaice shi ne ruwan da yake ɓatarwa ya yi yawa, wanda ya rage kuma sau da yawa ba ya moruwa a daidai lokacin da manomi ya fi bukatarsa. Maganar iyo kuwa, ku cire ta a ranku tun daga gida. Abin da ke wurin yanzu fadama ce, wata shekara ta cika, wata shekara ka taka tsakiyarta da takalminka ƙafarka ba ta jiƙe ba. Sai ka fahimci yadda aka yi ta koma haka kafin ka ji daɗin zuwa, in ba haka ba za ka dawo kana cewa an kai ka kallon matattun itatuwa.

Kafin 1971 ma fadamar ce a wurin. Jerin fadamu ne manya da ƙanana, waɗanda suka fi suna su ne Winton da Green, a wani kwari mai faɗi tsakanin Benalla da duwatsun Warby. Ƙasar kabilar Yorta Yorta ce, 'yan asalin Ostireliya, tun fil azal, har yau akwai bishiyoyi masu tabo a jikinsu inda aka ɓare ɓawo aka yi kwalekwale ko akushi. Turawa makiyaya da manoma suka zo a ƙarni na 19 suka yanka gonaki a gefen fadamun. Da aka tashi gina tafkin, gwamnati ta karɓi gonakin iyalai da dama, aka ja ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita bakwai da rabi a bakin kwarin.

Mokoan ba irin dam ɗin da aka saba gani ba ne, wanda ake tare kogi a tsakiyar hanyarsa. Ma'ajiya ce a gefen kogi. In ruwa ya yi yawa a kogin Broken da rafin Hollands lokacin sanyi da watannin da ke biye da shi, sai a karkato shi ta wata babbar magudana zuwa cikin kwarin a adana. In zafi ya zo, a sake shi ta wata magudanar ya koma Broken, daga nan ya gangara kogin Goulburn da Murray, masu ban ruwa su ja. A takarda dabara ce mai kyau, kuma mai araha, don kwarin a shimfiɗe yake, ba sai an gina bango mai tsayi ba.

Shimfiɗar nan kuwa ita ta kashe shi. Bari mu yi ɗan lissafi, don a nan amsar tambayarka take. A can da megalita ake auna ruwa, wato lita miliyan ɗaya. Mokoan in ya cika maƙil yana ɗaukar megalita 365,000, a kan fili kusan hekta 7,900. Ka raba ruwan da filin, za ka samu matsakaicin zurfin bai kai mita biyar ba, mafi zurfin wurin ma wajen mita bakwai ne. Ɗauki Tafkin Eildon da ke cikin duwatsu a jihar, yana ɗaukar sama da megalita miliyan 3.3 a kan hekta wajen 13,800, matsakaicin zurfinsa ya kai mita 24. Ma'ana, kowace lita da aka ajiye a Mokoan ta ba rana da iska fuska ninki biyar na wadda aka ajiye a Eildon. Ka zuba ruwa kwano guda a faranti, ka zuba wani kwanon a tulu, ka ajiye su a rana, ka san wanda zai riga ƙafewa. Ƙiyasin da hukumomi suka yi aiki da shi shi ne Mokoan na asarar megalita wajen 50,000 a shekara ta hanyar ƙafewa, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na cikarsa. Wannan ruwan daga kogi aka ɗebo shi, ba gonar kowa ya je ba, bai kuma koma kogin ba.

Da a nan matsalar ta tsaya, da wataƙila an haƙura da shi, don ba tafkin da ba ya asara. Abin da ya gama da shi lalacewar ruwan ne. A shekarun farko ruwan garau yake, akwai ciyayin ruwa da suka riƙe ƙasan tafkin. Farin 1982 zuwa 1983 ya sa aka janye ruwan kusan duka, ƙasan ta bushe ta tsattsage, ciyayin suka mutu. Da ruwa ya dawo, ba abin da ke riƙe da lakar. Ƙasar wurin yumɓu ce irin wadda in ta jiƙe take narkewa ta bi ruwa. Wanda ya taɓa ɗibar irin wannan ruwa a kwalba ya san shi: ka ajiye kwalbar a kan tebur yau, ka dawo jibi, yashin ya kwanta a ƙasa amma ruwan na nan fari-fari kamar an ɗiga masa madara, ba ka ganin yatsanka ta bayan kwalbar. Ga tafkin da faɗi, iska na samun filin gudu na kilomitoci, igiyar ruwa na taɓo ƙasa tana tayar da lakar kullum. Ga kuma kifin kap da aka shigo da shi daga Turai, wanda cinsa shi ne ya zuƙi laka ya tace ya furzar, yana tumɓuke duk tsiron da ya yi ƙoƙarin kafuwa.

Ruwan da ya gurɓace haka haske ba ya ratsa shi, don haka ciyawar ƙasa ba ta dawowa. Wadda ke cin riba ita ce gansakukar nan mai launin kore da shuɗi, domin tana da 'yan jakunkunan iska a jikinta da ke taso da ita saman ruwa inda haske yake, ga abinci a wadace daga lakar da ake ta motsawa. Wasu nau'o'inta na fitar da guba mai taɓa hanta da jijiyoyi, tana kashe dabbobi in sun sha. Daga farkon shekarun 1990 ta zama baƙuwar kusan kowane lokacin zafi a Mokoan. Kuma in ta yi yawa, dole a rage ko a rufe sakin ruwa zuwa Broken, saboda garuruwa da garkunan da ke sha a ƙasa. To ka ga inda gizo ke saƙa: watannin Disamba zuwa Fabrairu, wato tsakiyar zafi a can, lokacin da gona ta fi ƙishi, su ne watannin da gansakuka ta fi tashi. Ma'ajiyar da ba a iya buɗe ta ranar bukata, kwalliyarta ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Shawarar 2004 ta zo ne a tsakiyar dogon farin da ya addabi kudu maso gabashin Ostireliya daga wajen 1997 zuwa 2009. Gwamnatoci sun riga sun yi alkawarin mayar da ruwa ga kogin Snowy da Murray, suna neman inda za su samo shi ba tare da sun ƙwace daga hannun manoma ba. Rufe Mokoan aka lissafa zai tsirar da megalita 44,000 a shekara. Don cike giɓin, aka maye gurbin tsofaffin magudanan buɗe na yankin Tungamah da bututu, aka sayi haƙƙin ruwa daga manoman da suka yarda su sayar, aka kuma shigar da Tafkin Boga da ke can ƙasa kusa da Murray cikin tsarin ajiya.

Kada ka ɗauka kowa ya yi na'am. Manoman kwarin Broken sun yi ta zanga-zanga shekara da shekaru, suna cewa in aka cire Mokoan ba su da madogara sai Nillahcootie, ƙaramin dam mai ɗaukar megalita wajen 40,000. Mutanen Benalla, waɗanda ba su manta da ambaliyar 1993 ba, suna ganin magudanar da ke karkatar da ruwa zuwa tafkin tana rage musu haɗari. Masu jiragen ruwa na wasa, masunta da mafarautan agwagi su ma sun rasa wurinsu. Ni a ganina lissafin ruwan daidai ne, rufewar ta dace. Amma manoman Broken ba surutun banza suka yi ba, don a shekarun fari da suka biyo baya, irin 2019, rabon ruwansu ya yi ƙasa ƙwarai. Ribar ta bazu a kan koguna masu nisa, asarar kuwa ta taru a kan mutanen kwari ɗaya, kuma irin wannan rabon ba a gyara shi da jawabin minista.

Yanzu ga abin da za ku tarar. An mayar da wurin gandun kiyaye halittu mai faɗin hekta 8,750, aka kafa masa kwamitin kula, gwamnatin jihar ta ware dalar Ostireliya miliyan 20 don farfaɗo da shi. Cikin ikon Allah, ana gama fasa ganuwar sai ga ruwan sama mai yawa na 2010 da 2011, fadamun suka cika da kansu. Bayan nan sun sha bushewa, sun sha cika, kuma haka ake so.

Wannan batun na cika da bushewa shi ne baƙi suka fi kasa ganewa. Mutum ya zo ya ga busasshiyar ƙasa sai ya ce aikin ya lalace. Alhali bushewar magani ce. In ƙasa ta bushe, lakar na dunƙulewa ta yi ƙarfi, kap ɗin da suka maƙale su mutu, ganye da ciyawar da suka ruɓe su zama taki. Ranar da ruwa ya dawo, ƙwayayen ƙananan halittu da irin ciyayi da suka yi shekaru a kwance cikin ƙasa sai su farka gaba ɗaya, abinci ya yawaita, kwaɗi su cika wurin da kuka, tsuntsaye su sauko daga nesa su yi sheƙa. Ruwan da ke tsaye a matsayi ɗaya shekara da shekaru ba ya ba da wannan. Wanda ya san fadamar Hadeja da Nguru ya ga ɗaya fuskar abin: tun da aka gina Tiga a shekarun 1970 da Challawa a farkon shekarun 1990, ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani, kacalla ta samu abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa. Ba ina cewa a fasa Tiga ba, ita tana da zurfi kuma Kano na sha da noma da ita. Ina nuna maka ne cewa fadama da lokutan ruwa take rayuwa, ba da yawansa kawai ba.

Abin da zai fara kama idonka shi ne matattun bishiyoyi, dubbai, tsaye fari fat har iya ganinka. Wani nau'in bishiyar turare ne da ke bin bakin koguna, suna ce masa red gum. Yana son ambaliya ta zo ta yi wata da watanni ta tafi, amma in ruwa ya zauna a gindinsa shekaru saiwar na shaƙewa. Ƙiyasin waɗanda tafkin ya kashe ya kama daga 150,000 zuwa 200,000. Ka matsa kusa da ɗaya ka duba: ɓawon ya zube tuntuni, itacen ya yi santsi da tsage-tsage a tsaye, a sama inda reshe ya karye akwai kogo, bakin kogon ya yi sulɓi saboda shiga da fitar aku. Kogunan nan su ne gidajen aku, mujiya, agwagin da ke ƙwai a bishiya da jemagu. Damuwar masana ita ce matattun na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sabuwar bishiya kuwa sai ta haura shekara ɗari kafin ta yi kogon kirki. Kuma a tsakiyar fadamar babu uwar bishiya mai rai da za ta zubar da iri, shi ya sa sai an bi da hannu ana shuka da dashe. Don haka kada wanda ya sari ko ya kwashi itacen wurin don hura wuta, ko da ya ga a ƙasa yake.

Tsuntsayen da aka lissafa a wurin sun haura nau'i 180. In akwai ruwa za ku ga kwasakwasa, zalɓe, belbela, baƙaƙen agwagin nan masu dogon wuya, da gaggafar ruwa mai farin ƙirji. Akwai wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ke ƙyanƙyasa a arewacin Japan, ya taso takanas ya yi lokacin zafi a fadamun kudu maso gabashin Ostireliya. Kangaru kuwa da sassafe da yamma ba a rasa su, ku yi hattara da su a mota. Akwai kififiya mai dogon wuya, wadda babbar abokiyar gabarta ita ce yanyawar da Turawa suka kawo, mai tone ramin ƙwai ta cinye. In ka ga ɗan rami a gefen hanya da fararen ɓawon ƙwai a warwatse sun nannaɗe, aikinta ne. An kuma yi aikin dawo da wani babban koren kwaɗo mai gurnani wanda ya ɓace daga wurin. Ban da halittu, akwai tankin ruwa na 'yan kwana-kwana da mai zane Guido van Helten ya zana fuskokin 'yan sa-kai a jikinsa a 2016, da hanyar sassaƙe-sassaƙen masu fasaha na Yorta Yorta.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da irin waɗannan wurare. Muddin tafki na ban ruwa ne, kuɗin da manoma ke biya shi ke gyara hanya da ganuwa, mai yawon shaƙatawa na cin arziki ne kawai. Ranar da aka cire shi daga tsarin, wannan kuɗin ya yanke, ciyawa mai cutarwa da yanyawa da gobarar daji kuwa ba su san an yanke ba. Miliyan 20 ɗin nan ba ta har abada ba ce, kuɗin tanti da na shayi kuma ba sa riƙe hekta 8,750. A 2025 kwamitin kula da wurin ya sanar cewa kuɗi sun gaza, zai mayar da ragamar ga gwamnatin jihar. Saboda haka kafin ku ɗaura kaya, ku bincika a intanet ko ku kira ofishin baƙi na Benalla ku ji wuraren kwana da ke buɗe da yadda ake kama wuri. Kada ku dogara da abin da wani ya gani shekara uku da suka wuce.

Daga Melbourne tafiyar wajen awa biyu da rabi ce a mota ta babbar hanyar Hume. Jirgin ƙasa na zuwa Benalla, amma daga can sai da mota ko keke. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Satumba zuwa Nuwamba, musamman in an yi ruwa sosai a watannin sanyi, sai kuma Maris zuwa Mayu. Tsakiyar zafi wurin ba inuwa, zafin kan kai digiri 40.

Ku tafi da ruwanku na sha, na girki da na alwala, wadatacce. In kun ga ruwan fadama ya yi kore kamar an zuba fenti, ko kumfa ta taru a baki, kada ku taɓa, kuma tafasawa ba ta kashe gubar. Kada ku kafa tanti a ƙarƙashin babbar red gum, mai rai ko matacciya, don takan saki reshe mai nauyin gaske ba iska ba gargaɗi, wannan gargaɗi ne da hukumomin gandun daji na can ke nanatawa. Macizan yankin masu mugun dafi ne, ku sa takalmi rufaffe da dogon wando, ku riƙe tocila da dare, ku zuge tanti ko da fita kaɗan za ku yi. In tsautsayi ya faɗa, a naɗe gaɓar da bandeji tamau, mutum ya kwanta kada ya motsa, a kira 000, lambar agajin gaggawa ta ƙasar. Ba a tsagawa, ba a tsotsa. Sauro ma ba na raini ba ne, tun 2022 aka tabbatar da cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta Japan a arewacin Biktoriya, ku tafi da maganin shafawa. Ku sauke manhajar VicEmergency a waya, in an ayyana ranar hana kunna wuta to ko gawayi ba a hurawa, tarar kuma mai tsanani ce. Hanyoyin ciki na yumɓu ne, in an yi ruwa ƙaramar mota na iya kafewa. In kun tsinci dutsen da aka fere ko kun ga bishiya mai tabo, ku kalla ku bar shi inda yake, dokar jihar ta 2006 ta kare kayan tarihin 'yan asalin ƙasar.

Kamun kifi a Winton ya dogara da shekarar, kuma mafi yawan abin da za ku kama kap ne, wanda doka ta hana mayar da shi ruwa da rai. Ana bukatar lasisin kamun kifi na Biktoriya, ana sayensa a intanet. In abokan naka iyo da jirgin ruwa suke so da gaske, Nillahcootie na kudu da Benalla. In kuwa babban kifin nan na kogin Murray, wanda suke ce wa Murray cod, suke nema, su nufi Tafkin Mulwala da ke Yarrawonga, tafiyar wajen awa guda arewa. Sai dai a Mulwala lasisin jihar New South Wales ake nema ko da daga gaɓar Biktoriya ka jefa ƙugiya, kuma an hana kama wannan kifin daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin da yake ƙwai.